Yadda za ka bi diddigin kujerar Sanatan Shiyyar Daura daga 1999 zuwa yau

Duk wanda yake son ya yi magana a kan Sanatan Katsina ta Arewa, yabo ne ko suka, shawarata ta farko gare shi ita ce ya sayi littafin rubutu mai kauri ya ware shi don wannan kujera kaɗai. Na koyar da tarihi a makarantar sakandare a nan Daura har na yi ritaya, kuma abin da ke damuna a majalisun hira na dare shi ne yadda matasa masu kaifin basira suke gardama a kan wakilcinmu alhali ba wanda zai iya jero sanatocin da muka yi a jere. Wani ya ɗauki aikin ɗan majalisar jiha ya ba sanata, wani ya ɗauki aikin shugaban ƙasa ya ba ɗan majalisar wakilai, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Ina da irin wannan littafi, ga kuma yadda ake cika shi.

Shafin farko na mazaɓar ce kanta. Ka rubuta ƙananan hukumomi 12 da suka haɗu suka yi Katsina ta Arewa: Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua, Mashi, Dutsi, Mani, Bindawa, Ingawa, Kusada da Kankia. Sauran 22 na jihar an raba su biyu daidai, 11 ga shiyyar Katsina, 11 ga shiyyar Funtua. Sai ka ja layi bayan Mai'adua. Biyar ɗin farko su ne ƙasar masarautar Daura, bakwai ɗin da suka biyo baya kuwa ƙasar Sarkin Katsina ce. Muna ce mata shiyyar Daura, amma mutumin Kankia ko Mani yana da haƙƙi a kanta daidai da mutumin da aka haifa kusa da rijiyar Kusugu, kuma wanda bai riƙe wannan ba ba zai taɓa gane dalilin da ya sa ake ja-in-ja a kan inda ɗan takara ya fito ba duk lokacin da zaɓe ya gabato.

A ƙarƙashin wannan ka rubuta mazaɓun majalisar wakilai biyar da ke cikin shiyyar: Daura da Sandamu da Mai'adua, Zango da Baure, Mashi da Dutsi, Mani da Bindawa, Kankia da Kusada da Ingawa. Za su yi maka amfani, domin sanatocinmu da dama daga cikinsu suka fito. Ka kuma tuna cewa a Najeriya jiha ba ta da majalisar dattawa tata. Majalisar dokokin Katsina zaure ɗaya ce mai mambobi 34. Sanata a Abuja yake zama, ɗaya daga cikin 109: uku daga kowace jiha, ɗaya daga babban birnin tarayya.

Abin da ya gabaci 1999 ba sai ka zurfafa ba a karon farko. Ya isa ka rubuta cewa a jamhuriya ta biyu muna cikin jihar Kaduna kuma kowace jiha sanatoci biyar take turawa, cewa an ƙirƙiro jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, cewa majalisar da aka zaɓa a 1992 sojoji sun rushe ta a Nuwamba 1993, kuma ƙananan hukumominmu ba su kai 34 ba sai a 1996. Ma'ana, mazaɓar da muke da ita yanzu da iyakokinta, daga 1999 ne ya kamata a fara ƙirga mata.

Yanzu sai ka ba kowane sanata shafi biyu. A saman shafin ka amsa tambayoyi uku kafin komai: daga wace ƙaramar hukuma ya fito, ta wace ƙofa ya shiga, ta wace ƙofa ya fita. Ƙasan shafin na abin da ya bari a rubuce ne, za mu zo kansa.

Na farko shi ne Sanata Abdul Yandoma na PDP, wanda ya yi daga 1999 zuwa 2003. Bayansa Injiniya Mahmud Kanti Bello ya hau a 2003, aka sake zaɓensa a 2007, kuma a zangonsa na biyu ya zama Bulaliyar Majalisar Dattawa a ƙarƙashin PDP. Ya rasu a watan Agusta 2017, Allah ya jiƙansa.

Shafin 2011 shi ne zai fi ba ka wuya, kuma shi ne na fi so matasa su karanta da kyau. A shekarar guguwar CPC ta taso a Katsina saboda Janar Muhammadu Buhari, amma jam'iyyar ta shiga zaɓe da jerin 'yan takara iri biyu, domin an yi zaɓen fidda gwani kashi biyu a watan Janairu, ɓangare ɗaya na tare da Yakubu Lado Ɗanmarke, ɗayan na tare da Aminu Bello Masari. Jama'a sun fito sun dangwala wa CPC, aka ba Abdu Umar Yandoma takardar shaidar cin zaɓe, ya shiga majalisa. A Disamba 2011 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba su da hurumin shiga wannan rikici na cikin gidan jam'iyya. Bayan hukuncin sai hukumar zaɓe ta INEC ta janye takardun sanatoci biyu da 'yan majalisar wakilai takwas na jihar ta miƙa wa ɗaya ɓangaren. A nan Hadi Sirika, matuƙin jirgin sama daga ƙaramar hukumar Dutsi, ya karɓi kujerarmu, kamar yadda Sadiq 'Yar'aduwa ya karɓi ta Katsina ta Tsakiya daga Ahmed Sani Stores. An ci gaba da shari'a bayan nan, amma Sirika ne ya ƙarasa zangon zuwa 2015, daga nan Buhari ya ba shi ma'aikatar sufurin jiragen sama, ƙaramin minista da farko, sannan babban minista daga 2019. Idan ka zo rubuta wannan shafi, ka rubuta sunayen biyu duka, kowa da watanninsa. Ƙuri'a ɗaya aka jefa, mutum biyu suka zauna a kanta.

A 2015 Injiniya Mustapha Bukar, Madawakin Daura, ya ci a APC. Bai ƙarasa zangonsa ba, Allah ya yi masa rasuwa ranar 4 ga Afrilu 2018. Aka yi zaɓen cike gurbi a watan Agusta na shekarar, inda Ahmad Babba Kaita na APC, mutumin Kankia, wanda a lokacin yake majalisar wakilai, ya kara da ɗan'uwansa Kabir Babba Kaita na PDP ya yi nasara. Ya sake ci a 2019, ya sauya sheƙa zuwa PDP a 2022, sannan a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Nasir Sani Zangon Daura na APC, wanda ya daɗe yana wakiltar Zango da Baure a majalisar wakilai, ya kayar da shi. An rantsar da majalisa ta goma ranar 13 ga Yuni 2023.

Da ka gama wannan jeri, kada ka yi sauri ka wuce. Ka zauna ka dube shi. Mutum ɗaya ne tak, Kanti Bello, ya yi zango biyu cikakku a kan kujerar, kuma shi ne ya kai ga shugabanci a zauren. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce. Ƙa'idar majalisar dattawa tana fifita wanda ya daɗe a ciki wajen rabon muƙamai da manyan kwamitoci, saboda haka mazaɓar da ke sauya sanata duk shekara huɗu tana komawa bayan layi kowane karo. Ban ce a bar wanda bai tsinana komai ba don kawai ya daɗe. Cewa nake sauyin yana da farashi, kuma ya kamata mu riƙa sanin muna biyansa. Abu na biyu da jerin zai nuna maka ya fi wannan nauyi a wurina: sau da yawa ba a ranar babban zaɓe aka yanke wanda zai zauna a kujerar nan ba. An yanke a zaɓen fidda gwani, an yanke a kotu, sau ɗaya kuma mutuwa ce ta yanke. Wanda ke jiran ranar jefa ƙuri'a kafin ya fara kula da lamarin, ya zo bayan an gama rabo.

Yanzu ƙasan shafin. Majalisar dattawa tana zama Talata, Laraba da Alhamis, kuma tsarin mulki ya wajabta mata zama aƙalla kwana 181 a shekara. Kowane zama yana barin takardu: takardar tsarin aikin ranar, takardar abin da aka yanke, da kundin Hansard wanda ke ɗauke da maganar kowa kamar yadda ya faɗe ta. Ana samun da yawa daga cikinsu a shafin intanet na majalisar tarayya, kuma ƙungiyar PLAC tana ajiye jerin ƙudirorin doka da sunan wanda ya kawo kowanne da matakin da ya kai. Waya da data na awa biyu sun isa ka fara. Ga sanatocin farko, kafin intanet ta yaɗu, sai ka koma tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Daily Trust. Wanda hanya ta kai shi Kaduna ya leƙa Arewa House.

A nan ne ake yawan ruɗar jama'a, saboda haka ka raba shafin gida biyu. Gida ɗaya na ƙudirin jan hankali ne, wato sanata ya miƙe ya kawo kuka, majalisa ta amince a yi kira ga gwamnati. Yana da amfani, amma ba ya tilasta wa kowa komai. Ɗaya gidan na ƙudirin doka ne, shi kuwa hanyarsa doguwa ce: karatu na ɗaya, karatu na biyu inda ake muhawara, kwamiti da sauraron ra'ayin jama'a, karatu na uku, amincewar majalisar wakilai, sannan sa hannun shugaban ƙasa, wanda yake da kwana 30 ya sa ko ya ƙi. Idan sojojin baka suka ce a rediyo mai gidansu ya kawo ƙudiri goma sha biyar, tambayar da za ka yi ita ce nawa ne suka wuce karatu na ɗaya. Karatu na ɗaya ambaton suna ne kawai. A gefen kowane ƙudiri ka rubuta matakin da ya tsaya da shekarar. Ka kuma rubuta kwamitocin da sanatan ya zauna a ciki, musamman wanda ya shugabanta, domin a kwamiti ne ake ganin ministoci ido da ido lokacin kare kasafin kuɗi.

Sai ayyukan mazaɓu, wanda shi ne talaka ya fi sani. Shekaru da dama an riƙa ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya don waɗannan ayyuka, a raba tsakanin sanatoci da 'yan majalisar wakilai. Kasafin kowace shekara yana shafin ofishin kasafin kuɗi na tarayya. Ka sauke shi a kwamfuta, ka nemi kalmar Daura, sannan Baure, sannan Mashi, har ka zagaye goma sha biyun, ka kuma nemi sunan mazaɓar da Turanci kamar yadda ake rubuta shi a takardun gwamnati. Kada ka yi mamakin ganin rijiyar burtsatse ko rabon kekunan ɗinki a ƙarƙashin wata hukuma da ba ta da alaƙa da ruwa ko sana'a. Haka ake cusa su. Ka kwafe sunan aikin, kuɗinsa, da hukumar da aka ba. A doka hukumar ce ke ba da kwangila, sanata shi ne ya nuna aikin da wurin. Kuma abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Saboda haka bayan takarda sai ƙafa: gani ya kori ji. Ka hau babur ka je ƙauyen, ka ga ko ajin yana tsaye, ko burtsatsen tana ba da ruwa a watan Afrilu lokacin da ake buƙatarta, ka ɗauki hoton allon aikin. Masu shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT wannan suke yi, hukumar ICPC ma tun 2019 take bin sawun irin waɗannan ayyuka tana fitar da rahoto, kuma za ka iya gwada abin da ka gani da abin da suka rubuta.

Mu mutanen wannan shiyya muna da wata wahala ta musamman da sauran mazaɓu ba su da ita. Daga 2015 zuwa 2023 ɗan Daura ne shugaban ƙasa, Allah ya jiƙan Buhari ya gafarta masa. A shekarun nan aka samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, aka aza harsashin jami'ar sufuri a Disamba 2019, aka buɗe asibitin sojojin sama, aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021 wanda ya ratsa ta nan. Idan ka zuba duk waɗannan a shafin sanatan da ke kan kujera a lokacin, ka yi masa kyautar da ba tasa ba, ka kuma zalunci waɗanda suka yi wakilci lokacin da ba mu da kowa a fadar shugaban ƙasa. Ka buɗe wa irin waɗannan ayyuka shafi na daban a bayan littafi. Inda ka samu a rubuce cewa sanata ne ya kawo ƙudirin dokar kafa wata makaranta ko ya tsaya mata a kwamiti, ka mayar masa da wannan kason nasa, ba ƙari ba ragi. Yadda mai awo a kasuwa ba ya sauya mudu don ya san mai saye, haka za ka yi wa na jam'iyyarka da na jam'iyyar da ba ka so.

Ni kuma ina da ma'aunin da nake ƙarawa, wanda na ga ya fi dacewa da ƙasarmu: iyaka. Mai'adua, Zango da Baure rayuwarsu a haɗe take da Nijar, ta ciniki da ta aure. An rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019 ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. A Nuwamba 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. Duk wanda ya san Kongolam da kasuwar dabbobi ta Mai'adua ya san abin da waɗannan ranaku suka yi wa mutane. Ka ɗauki kowace rana daga cikinsu, ka buɗe takardun majalisa na makonnin da suka biyo baya, ka duba ko an ji muryar sanatanmu, me ya ce, me aka yanke. Haka za ka yi da kwararowar hamada, da noman rani a madatsun Sabke da Daberam. Waɗannan al'amura ne na tarayya, kuma don su aka tura mutum Abuja. Buhun shinkafar azumi da kujerar Makka ba sa shiga littafina, ko da yake na san mai karɓa yana jin daɗinsu.

Kada ka raina bakin dattawa. Tsofaffin shugabannin jam'iyya na mazaɓa, tsofaffin kansiloli, da waɗanda suka taɓa zama daliget sun san abin da takarda ba ta ɗauka ba: yadda aka yi sulhu a kan ɗan takara, wa ya janye wa wa, wace ƙaramar hukuma aka yi wa alkawarin zango mai zuwa. Ka je da ladabi, bayan la'asar, ka gaisa sosai, ka ce, "Baba, tarihi nake tarawa, ba siyasa na zo yi ba." Ka rubuta abin da ya faɗa da ranar, amma da jan biro, don ya bambanta da abin da ka samo a takarda. In mutum biyu da ba sa ga maciji suka ba ka labari iri ɗaya, to ya fara ƙarfi.

Alƙaluman zaɓe kuma daga INEC za ka ɗauko su, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ba jimilla kaɗai ba. Na 2023 har takardar sakamakon rumfa ana iya nema a shafin IReV, inda INEC ke ɗora sakamakon zaɓe a intanet. Ka rubuta yawan masu rajista kusa da yawan waɗanda suka fito, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ma labari ce.

Idan littafin ya fara cika, za ka ga gurabe: aikin da ke kasafi amma babu shi a ƙasa, ƙudirin da ya tsaya shekara biyu a kwamiti. A nan sai wasiƙa. Ka rubuta wa sanata ta ofishinsa na mazaɓa, gajeriya, shafi ɗaya, ka fara da "Mai girma Sanata", ka kawo sunan aikin da shekarar da kuɗin, ka yi tambaya ɗaya. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Hukumar da aka ba aikin kuwa kana iya rubuta mata a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ta kwana bakwai ta amsa. Wasiƙar da ƙungiyar unguwa ko ta 'yan kasuwa ta sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya saurin samun amsa. Zagi a Facebook ba ya shiga fayil ɗin kowa.

Matasa sukan tambaye ni batun kiranye. Yana cikin sashe na 69 na tsarin mulki: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A mazaɓa mai ƙananan hukumomi 12 wannan aiki ne mai girman gaske. An gwada shi a kan Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018, ya mutu tun a wurin tantance sa hannu. Ka rubuta sashen a littafinka don sani, amma kada ka jingina da shi.

Shafi biyun ƙarshe ka bar su ga 2027, ka fara cika su tun yanzu. Ka rubuta sunan duk wanda ya fara nuna sha'awa a kowace jam'iyya, ƙaramar hukumarsa, da muƙamin da ya taɓa riƙewa. In tsohon ɗan majalisar wakilai ne ko na jiha, takardunsa suna nan, ka auna shi da ma'aunin da ka auna na baya. Ka nemi sanin wace hanya jam'iyyar za ta bi wajen fidda gwani, su wa ke shugabancinta a mazaɓarka ta kansila, da ranar da za a yi. In kana da katin jam'iyya, ka tabbata sunanka na cikin rajistarta kafin ranar.